Ƙarar da Ni Kaɗai Nake Ji

A wajen sunan da aka yi mana bara na ji wata jikata tana raɗa wa ƙawarta cewa kakarta ta taɓa yin iskoki, har an yi mata turare. Ban tanka ba, don na san ba ita ta ƙago ba, a bakin iyayenta ta tsinta, wato a bakinku. Kun mai da abin labarin dariya, kuna bayarwa duk lokacin da aka taru, kowa da gishirin da yake ƙarawa. To yau ku zauna ku ji daga bakin mai abin. Ban taɓa yin iskoki ba. Abin da ya same ni a shekarar nan babur ne da Babanku da Gwaggonku Asabe, kuma a cikin ukun nan babur ɗin ne ya fara faɗin gaskiya.

Babanku, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana tsaye a kan injin niƙa kafin ya sayi babur, injin kuwa ya cinye masa rabin ji. Bai taɓa yarda da haka ba, shi a wurinsa mutanen zamani ne suka koma magana ciki-ciki. Yana kuma da wasu wurare da baburinsa ba ya wucewa da inji a kunne. Na farko maƙabartar garinmu, wadda ke bakin hanya. Yana zuwa daidai nan sai ya murɗa makulli, babur ya ci gaba da gangarawa da sauran ƙarfinsa, shi kuma ya yi wa mazauna wurin sallama. Yakan ce mahaifinsa ma sauka yake yi daga kan jaki a nan, don haka shi ba zai wuce iyayensa yana buga musu ƙarar salansar babur ba. Na biyu gangaren rafi, inda tsohuwar tsamiyar nan take. Nan kam ba ladabi ba ne, tattalin mai ne, wai tunda ƙasa ta yarda ta ja shi kyauta, me zai sa ya ƙona fetur. Na uku lungun gidan Inna, mahaifiyata, a Gummi. Tun daga bakin lungu yake kashewa, don a ganinsa rashin kunya ne suruki ya iso ƙofar surukarsa da ruri. Na sha yi masa tsiya cewa baburin nan ya fi yin tafiya a mace a kan a raye.

Shekarar nan Inna tana fama da ƙafa, don haka muna yawan zirga-zirga tsakanin ƙauyenmu na ƙasar Anka da Gummi. A shekarar ce kuma Saratu, 'ya mace ɗaya tilo da Allah ya bar mini a cikinku, take ɗauke da cikin fari a gidan mijinta a Bukkuyum. Kun san al'ada, haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, uwa ce ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa, ita ke gasa jariri har a yi arba'in. Sau ɗaya ake samun wannan a kan 'ya, ni kuwa 'yar ɗaya ce. Tun da aka gama girbi na fara tara itace. Ba karmami ba, itace na gaske, ƙirya da marke, ina jibgewa a bayan ɗaki har tulin ya fi ni tsawo. Na tanadi gero da kanwa da citta da kanumfari, na sa an yi wa ɗakin tsakiya sabon daɓe. Duk wadda ta shigo gidan sai na ja ta ta ga itacen, ba na jin kunyar faɗin haka.

Ranar da na fara jin ƙarar muna dawowa ne daga Gummi, bayan la'asar. Ni zaman gefe guda nake yi a babur, irin na matan da, ƙafafuna duka a ɓangare ɗaya. Muka iso maƙabarta, Babanku ya kashe inji, wuri ya yi tsit, sai na ji wani abu a ƙarƙashina yana ƙurus, ƙurus, kamar akuya ta samu busasshiyar masara.

Na ce, "Malam, ka ji?"

Ya ce, "Mi?"

"Wani abu na ƙara nan ƙasa."

"Ke dai yi ma bayin Allah sallama ki bar surutu."

Muna wuce katangar ya tayar da inji, ƙara ta ɓace. Da abin ya tsaya nan da babu labari. Amma sai ya zama wani lokaci in ji, wani lokaci shiru. Da safe in za mu tafi, babu kome. In muna dawowa, sai in ji a gangaren rafi, ko a maƙabarta, ko duka biyun, wata rana kuma ko ɗaya. Babanku in ya fita shi kaɗai ya dawo, sai ya ce mini ya kasa kunne bai ji ba, ni kuwa in haɗiye abin da ke bakina game da kunnen da ya kasa. Da na matsa masa ya kai babur wurin wani makanike a Anka. Mutumin ya kafe shi a kan ƙafar tsakiya, tayar baya tana lilo a sama, ya yi ta murɗa masa wuta har hayaƙi ya turnuƙe rumfar, ya canza fulogi, ya ce lafiyarsa lau. Wani a Bukkuyum shi ma ya kafe shi, ya murɗa wuta, ya ɗaure sarƙa. Kowanne da rurin inji yake neman ƙarar, ni kuma a lokacin ban san abin da zan ce musu ba, illa dai na ji, kuma na ji.

Sai na kai kukana inda bai kamata ba. Gwaggonku Asabe, yayar Babanku, ta shigo wata rana ina tankaɗe, na ba ta labari don in samu mai taya ni yi masa magana.

Ta ce, "Ina da ina kika jin abin?"

Na ce, "Maƙabarta, sai gangaren rahi, gindin tsamiya."

Ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta a hankali. "Shi kuma ba ya ji?"

"Ba ya ji."

"Makanikai ba su ji ba?"

"Ba su ji ba."

"Kuma sai rana ta yi sanyi." Ta dube ni tun daga ɗankwali har ƙafa. "Innalillahi. Baiwar Allah, wanga ai ba babur ba na."

Kafin magariba an turnuƙe mini ɗaki da turare, kafin mako ya zagayo an kawo mini rubutu a kwalba daga wurin malamai daban-daban. Ni da nake neman a duba taya, sai ga shi ni ake dubawa. In na ɗaga murya a ce kun gani, ba ita ba ce ke magana. In na yi shiru a ce sun kama mata baki. Shekarun nan ba a daɗe da yin masifar gubar dalma ta haƙar zinariya a ƙauyukan Dareta da Abare ba, zukatan mutane a tsorace suke da duk ciwon da ya shafi kai, sai wasu suka ce ai ƙurar ce ta iso ni, ni da ko dutsen zinariya ban taɓa riƙewa ba. Ku kanku, da kuke samari a lokacin, na ga yadda kuke satar kallona in na juya baya, kada ku ce ban gani ba. Magana kuwa zarar bunu ce. Matan da ke kai daddawa kasuwar Bukkuyum suka ɗauke ta da ɗuminta suka sauke a kunnen Hajiya Kulu, uwar mijin Saratu.

Hajiya Kulu ba muguwar mace ba ce, jikanta na fari take jira kamar yadda nake jira. Ta aiko da saƙo cikin ladabi cewa ta ji ba na jin daɗi, Allah ya sawwaƙe, kuma ba za a ɗora wa marar lafiya wahalar jego ba. Amma in an yi mini magani na daina jin abin da nake ji, to Saratu za ta zo gida kamar yadda aka saba. Washegari Saratu ta kira ni a waya.

"Inna, wai gaskiya na?"

Duk turaren da aka yi mini bai shaƙe ni kamar tambayar nan ba. Na ce mata lafiyata ƙalau, ta ce to, irin to ɗin da ake ce wa marar lafiya.

Da yamma Babanku ya zauna a bakin ƙofar ɗakina, ya daɗe yana gyaran murya.

Ya ce, "Ki ce kin bar ji, a huta. Kin sha rubutu, ki ce Allah ya sa an dace. In tahi in ɗauko miki ɗiyarki."

Na ce, "Da mi za ka ɗauko ta?"

"Da mi kuwa? Da babur mana."

A nan matsalar take. Mota ba ta shigowa garinmu, daga bakin titi sai babur, kuma babu hanyar da ba ta bi ta gangaren rafi ba. In na buɗe baki na ce na daina ji, Saratu za ta zo, ni zan dafa ruwa, itacena ya yi amfani. Amma za ta zo ne da cikin wata tara, a zaune daidai inda nake zama, a kan abin nan da ke tauna kansa, a gangaren da Babanku ke sakin babur ba inji. Na dubi tulin itacen ta ƙofa. Wallahi na so in yi ƙaryar nan, ban taɓa son wata ƙarya kamarta ba.

Na ce, "Ina ji. Jiya ma na ji. Kuma ɗiyata ba ta hawa baburin ga sai an gano abin da ad damunai."

Ya tashi yana kaɗe riga, ya ce taurin kaina ya fi na iskokin. Haka muka zauna makonni, cikin Saratu yana tsufa, Gwaggonku tana ƙara turare, ni ina ƙara ƙuluwa.

Allah ya kawo mafita a lungun Inna. Kullum in muka shiga lungun nan yaran unguwa ne ke biyo mu da ihun ga baƙin Anka, ga baƙin Anka, ba ka jin ko tunaninka. Ran nan mun isa da rana tsaka, yara duk suna makaranta, lungu babu kowa. Babanku ya murɗa makulli don kunyar surukarsa, babur ya ci gaba da gangarawa, sai ga shi, ƙurus, ƙurus, a fili. Babu kabari a nan, babu tsamiya, sai katangar gidan da aka haife ni da akuyar Inna a ɗaure. Na ji kamar an ɗauke mini dutse daga ka. Ashe wuraren nan ba aljanu suka haɗa su ba, halin Babanku ne ya haɗa su. Duk inda nake jin ƙarar, inji a kashe yake, taya tana juyawa, babur ya yi zafi da doguwar tafiya, kuma akwai mutum a baya.

Ko ruwa ban bari ya sha ba. Na gaida Inna a tsaye, na ce mu je wurin Isiyaku, makaniken da ke bayan tasha. Muka je, na tsaya can gefe inda mace ke tsayawa. Ina kallo Isiyaku ya kafe babur a kan ƙafar tsakiya, ya ɗaga ƙafa zai buga kik. Ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakiyar rumfar ba, cikin maza.

Na ce, "Kada ka tashe shi. Sauke shi ƙasa."

Babanku ya ce, "Ke, mi na haka? Koma can."

"Ba ni komawa. Isiyaku, kai za ka hau baya, ka zauna yadda nika zama, ƙahwahu gefe guda. Malam shi ja ku, ku zagaya sai ya yi zahi, sannan shi kashe shi kuna bisa tahiya. In ba ka ji komi ba, ni da kaina za ni ce a kai ni wurin masu ruƙiyya."

Wani a rumfar ya fashe da dariya. Ban taɓa ɗaga wa Babanku murya a gaban mutane ba sai ran nan, na ga yadda fuskarsa ta canza, kuma na san zan biya. Isiyaku ya dube shi, shi kuma ya kau da kai ya hau babur. Haka Isiyaku, ƙaton mutum da gemunsa, ya ɗare baya ya jera ƙafafu gefe guda kamar mai zuwa biki, masu shayi da masu faci suna ta shewa, suka tafi. Na tsaya a rana ina jira, na kuwa san halin ƙarar nan, ranar da ake nemanta ita ce ranar da take ɓuya.

Da suka dawo babu mai dariya a cikinsu. Isiyaku ya sauko ya kwance tayar baya, ya zaro wani zoben ƙarfe daga tsakiyarta, wanda suke kira boris, shi ne taya ke juyawa a kansa. Ya juye shi a tafin hannu sai ga 'yan ƙwallayen cikinsa suna zubowa, wasu a fashe, wasu sun zama gari, babu ko ɗigon maiƙo.

Ya ce, "Baba, in taya tana sama babu nauyi, ba ya kuka. In inji na ruri, ba a jin shi. Sai ya yi zahi an danne shi. Da wanga ya cije muku bisa gangare, sai dai wani labari."

Babanku ya karɓi zoben ya jujjuya. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ashe."

Na ƙulle boris ɗin a bakin zanena, na ce a hanyar komawa sai mun biya Bukkuyum. Na zauna a gaban Hajiya Kulu na kwance ƙulli na ajiye mata a kan tabarma, na ce ga aljanin. Ta ɗauka ta duba, ta yi murmushi, ta ce Allah shi kyauta, ita ma dama ba ta so ta yarda ba. Sannan ta ce amma watan Saratu ya riga ya kama, ungozoma ta hana ta doguwar tafiya, kuma an riga an yi shiri a nan. Ban iya musa mata ba, don na ga Saratu da idona, ƙafafunta a kumbure, da kyar take tashi. Makonnin da na yi ina gardama su ne makonnin da za ta iya tafiyar. Da muka iso gida na nuna wa Gwaggonku Asabe ƙarfen, ta dube shi da kyau ta ce, to ai shi ke nan, rubutun ne ya kore su daga jikina suka faɗa cikin taya. Har ta koma ga Allah a kan haka take, kuma nata labarin ne ya yaɗu, don babu mai zama ya saurari labarin boris alhali ga na aljanu.

Saratu ta haihu a Bukkuyum. Wata ce ta dafa mata ruwan farko, wata ce ta fara yi wa jikana wanka. Da labari ya iso na yi guɗa kamar kowa, sannan na zagaya bayan ɗaki na zauna kusa da itacena na yi kuka mai isata. Babanku tun ranar Gummi ba ya yi mini magana sai ta dole, ni ma ban neme shi ba.

Washegari da hantsi na ji motsi a bayan ɗaki. Na leƙa sai na gan shi yana ɗora itace a bayan babur yana ɗaurewa da roba, ya tula har ya fi kansa tsawo.

Na ce, "Ina za ka da shi?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Bukkuyum."

Haka ya yi ta yi har aka yi arba'in. Kwana kaɗan sai ya ɗaura wani ya tafi, mutumin da ke kashe inji a gangare don kada ya ƙona cokalin fetur. Mutane suna yi masa dariya a hanya, wai ko itace ya ƙare a ƙasar Bukkuyum. Saratu ce ta gaya mini daga baya cewa ranar farko Hajiya Kulu ta ce masa ai suna da icce, ba sai ya wahala ba, shi kuwa ya ci gaba da saukewa ya ce, "Wanga na uwatta na. Da shi za a dahwa mata." Bai taɓa ce mini yi haƙuri ba, bakinsa bai iya wannan ba. Tulin nan dai ya ƙare tas, ko tsinke bai rage ba.

Bai kuma bar halinsa na kashe inji ba, sai dai ya ƙara masa wani abu. Tun daga shekarar nan, duk ranar da muka zo maƙabarta ya murɗa makulli ya gama sallamarsa, sai ya ɗan karkato kai ta ɓangaren kunnensa mai ji ya ce, "Mi kinka ji?" In na ce babu, ya tayar. In na ce akwai, ko mene ne, a ranar babur zai kwana wurin makanike. Shekara da shekaru bai fasa ba, har abin ya riƙa ba ni haushi, in ce masa wai ni ya mai da ni kunnen haya.

Yanzu yana cikin maƙabartar nan, kusa da katanga ta gabas. Ku ne kuke ɗaukata a babur, kuma kun san faɗan da nake yi muku in kuka nemi wucewa da inji a kunne, kuna cewa tsohuwa ta fara. To ga dalili. Ku kashe, ku yi wa ubanku sallama, ku bar ni in kasa kunne. Ran nan da autanku ya kawo ni daga asibitin Anka ya kashe ba tare da na ce ba, babur ya gangara shiru, taya lafiya lau, babu ƙurus babu kome. Na riƙe amsata a baki har muka wuce katangar, babu wanda ya karkato kai ya tambaye ni.